Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masoyan Ed Sheeran: Gidan Makoki Kuka Shigo

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata, musamman ƙannena da waya ba ta barin hannunsu ko a kan tabarmar cin abinci.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ya gida, ya iyaye. Gara in faɗa tun da wuri kada wani ya bankaɗo ni: ni ba ɗan ƙungiyarku ba ne na asali. Da kalangu da gurmi kunnena ya tashi, Turancin waƙa kuwa sai an bi da ni a hankali nake tsintar rabi. Amma tun ranar 24 ga Maris, 2023, da Ed Sheeran ya saki waƙar nan tasa mai suna Eyes Closed, na zama kamar mai gadin ƙofarta. Ƙanwata ce ta turo min ita da tsakar dare, babu sallama babu bayani. Na gane abin da take nufi, domin a watan ne yayanmu ya cika shekara biyu a ƙasa. Na saurara sau ɗaya, na kife wayar, na fita tsakar gida na zauna. Washegari na koma don in karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashinta, a YouTube da TikTok da Facebook. Yau kusan wata biyu ke nan ina karantawa, har abin ya taru ya kai a rubuto muku.

Akwai waɗanda ba ni da abin ce musu sai Allah ya saka da alheri. Su ne masu zuwa su ajiye labarin mamacinsu a layi biyu su wuce. Wannan ya ce mahaifiyarsa ce, waccan ta ce mijinta ne, wani ya ce abokinsa ne tun na firamare. Sai ka ga baƙo daga wata nahiya, ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba, ya tsaya ya ba shi haƙuri. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ranar ta'aziyya ya san wannan yanayi, inda wanda ba ka taɓa gani ba zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce maka ya haƙuri, ka ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjinka. Matsalar dai ita ce zauren ɗaya ne, kuma a cikinsa wasu suka shigo da takalmansu, suna shewa.

Na tambayi samari huɗu a majalisarmu, dukansu sun ɗora waƙar a sitatus, na ce wa aka yi wa ita? Ɗaya ya ce ai budurwa ce ta gudu. Biyu suka ɗaga kafaɗa. Na huɗun ya ce wani abokinsa ne, sunan ne ya kwanta masa. To sunansa Jamal Edwards. A Luton aka haife shi a 1990, ya tashi a unguwar Acton da ke yammacin Landan. Yana ɗan shekara 15 aka ba shi kyamara kyautar Kirsimeti, ya shiga ɗaukar abokansa suna waƙar gambara a lungunan unguwa yana ɗorawa a YouTube. Daga nan tashar SBTV ta samo asali a 2006. A lokacin manyan gidajen rediyo da talabijin na Birtaniya ba su cika waiwayar yaran unguwannin talakawa ba, shi ya buɗe musu ƙofa. Stormzy da Dave da Jessie J duk sun tsaya gaban kyamararsa kafin duniya ta san da su. A 2010 ya ɗauki wani yaro mai jan gashi riƙe da jita, ba shi da kamfanin da ya ɗauke shi, ba shi da ɗakin kansa a Landan, a kujerun falon abokai yake kwana. Wannan yaron shi ne gwanin naku. Jamal yana da shekara 24 aka ba shi lambar girma ta Birtaniya mai suna MBE. Ranar 20 ga Fabrairu, 2022 ya rasu, yana da shekara 31.

A cikin wannan watan ne likitoci suka gano ƙari a jikin matar Sheeran, Cherry, tana ɗauke da cikin 'yarsu ta biyu, suka ce ba abin da za a iya yi sai ta haihu. Ranar 4 ga Maris wani abokinsa, ɗan wasan kurket na Ostireliya Shane Warne, shi ma ya rasu. A daidai kwanakin kuma yana zaryar kotu a Landan kan zargin satar fasaha. Da bakinsa ya faɗa wa mujallar Rolling Stone cewa ciwon damuwa ya kai shi har ya ji rayuwar ta fita daga ransa, matarsa ce ta tura shi ganin likita. Kundin waƙoƙinsa Subtract, wanda Eyes Closed take ciki, da ya yi shekara goma yana shiryawa, ya ce cikin mako guda da 'yan kwanaki ya ture tsofaffin waƙoƙin ya zuba sababbi. A wannan tukunyar aka dafa abin da kuke ɗorawa a kan bidiyon sabon ɗinkinku.

Da waƙar ta hau mataki na ɗaya a jadawalin Birtaniya a makonta na farko, karo na 14 ke nan da ya yi haka, na ga guɗa. Ta sauke waƙar Miley Cyrus da ta yi mako goma a saman, sai wasunku suka kwashi hoton jadawalin suka tafi ƙofar masoyanta suna yi musu gwalo. Wasu suna ƙirga miliyoyin da suka saurara kamar masu ƙirga ƙuri'a daren zaɓe, suna umartar juna a bar waƙar tana ta juyawa a waya ko ana barci don lamba ta hau. Kun san abin da wannan ya tuna min? Mutumin da zai zo jana'iza, maimakon ya bi sahu, sai ya tsaya a bakin titi yana ƙirga motoci, don gobe ya ce jana'izar gidansu ta fi ta gidan su wane cika. Muna da irinsu a kowane gari, kuma ba wanda yake ganinsu da mutunci.

Ban ce laifi ne waƙa ta yi kasuwa ba. Mawaƙi sana'arsa ke nan, kamfaninsa kuma ba don Allah yake aiki ba. Abin da na ce shi ne shi mai waƙar bai fito ya yi wa kowa gwalo da mutuwar abokinsa ba, ku kuka yi a madadinsa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa yana cin kuɗi da gawar abokinsa. Zan yi muku adalci, domin ni ma abin ya ɗan tsaya min a wuya da na ga an saki fim ɗin tarihin rayuwarsa a manhajar kallon fina-finai ta Disney+ ranar 3 ga Mayu, kwana biyu cif kafin fitar kundin, da hawayensa a cikin tallar. 'Yan kasuwa sun san lokacin da ake buga ƙarfe. Amma ku tsaya ku tambayi kanku, wane harshe mawaƙi yake da shi banda waƙa? Maƙeri idan baƙin ciki ya ishe shi maƙera yake komawa, manomi ya ɗauki fartanya ya nufi gona ko da ba aikin yi. Kuma mu ne za mu yi mamakin a yi wa mamaci waƙa? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ba mai shakkar iliminta ko tsoron Allahnta, ta yi wa ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Ba ina haɗa matsayinta da na wani mawaƙin Ingila ba ne, Allah ya kiyaye, kuma muhawarar kiɗa da hukuncinsa na bar wa malamai. Ina dai nuna muku cewa zuba baƙin cikin rashin aboki a cikin baiti ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Idan ma akwai mai hakkin cewa an ci kasuwa da Jamal, mahaifiyarsa ce Brenda da danginsa. Waƙar ta'aziyyar farko da Sheeran ya yi masa a watan Janairu, wadda aka ɗauka a Stamford Bridge, filin Chelsea da Jamal yake goyon baya, a tashar Jamal ɗin ta SBTV aka sake ta. Ku da ba ku san sunansa ba sai jiya, kada ku fi mai ƙora shafawa.

Abin da ya ƙara tabbatar min cewa ba a iya wa 'yan kallo shi ne abin da ya faru a nan gida mako guda bayan fitar wannan waƙa. Ranar 31 ga Maris Davido ya saki kundinsa Timeless, wata biyar bayan ɗansa ɗan shekara uku ya rasu a wurin ninƙaya na gidansu a Legas. Ya yi watanni bai ce uffan ba a intanet, ana ta kiran ya fito. Da ya fito, mafi yawan waƙoƙin na rawa ne. Sai na ga masu cewa har ya manta? Wato wanda ya rera kukansa an ce yana talla da shi, wanda ya haɗiye nasa ya yi rawa an ce ba shi da zuciya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san gwauron da ya koma kasuwa kwana uku da rasuwar matarsa, mutane suna ta gulma, alhali ba ya iya zama a ɗakin ne saboda ƙamshin turarenta bai bar labule ba.

Ku kuma samarinmu masu rubuta "namiji da kuka" da hoton dariya, ban san inda kuka samo wannan jarumtar ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A bidiyon Eyes Closed akwai wata ƙatuwar halitta shuɗiya da take bin mawaƙin duk inda ya sa ƙafa, ba mai ganinta sai shi. Wasunku sun mai da ita abin barkwanci. Ni da na gan ta ban yi dariya ba, domin na san ta. Tawa ta fi shekara tana zama a bayan babur ɗina, daidai inda Yaya yake zama idan zan kai shi tasha.

Akwai wasu da ba su da aiki sai tono. Duk inda aka ambaci Jamal sai sun faɗo da cewa ai ƙwaya ce ta kashe shi, kamar sun gano wani sirri. Ba sirri ba ne. Mahaifiyarsa ce da kanta ta fito a watan Yunin 2022 ta faɗa wa duniya, kafin binciken hukuma ya tabbatar a watan Agusta cewa hodar iblis ce ta taɓa bugun zuciyarsa. Ta faɗa ne don 'ya'yan wasu su tsira, ta sani sarai za a sami masu jifan ɗanta da maganar, ta daure ta faɗa. Sheeran ma ya ce tun daga ranar ya yi rantsuwa tsakaninsa da irin waɗannan abubuwa. Idan za ku ɗauki zancen, ku ɗauke shi yadda uwar ta ajiye shi. Ku dubi majalisarku, ku dubi abokin nan naku da kowa ya san abin da yake sha ba wanda ya taɓa yi masa magana. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma jifan mamaci da abin da ya riga ya wuce, an hana mu, an ce kada mu zagi matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami da gaske, domin duk na sama da zan iya haɗiyewa.

Ranar da Yaya ya rasu, da misalin ƙarfe goma na safe ne, a asibiti. Mu uku ne a wurin. Muka yi shawara ba za a kira Umma a waya ba, tana da hawan jini, kawunmu zai je da kansa ya zauna kusa da ita ya faɗa mata yadda ake faɗa wa uwa. Kafin kawu ya sami abin hawa ya isa gida, wani yaro da ya ji labari a bakin ƙofar asibiti ya riga ya ɗora hoton Yaya a sitatus, ya sa masa waƙa mai taushi a ƙasa, da hoton fuska mai hawaye guda biyar. Wata maƙwabciya ta gani, ta yafa mayafi ta shiga gidanmu da salati. Umma tana tankaɗe. Haka ta ji mutuwar ɗanta na fari, rariya a hannu, ba kowa nata a kusa. Yaron ba mugu ba ne, yana son Yaya, har yau yana gaishe ni ina amsawa. So yake ya riga kowa nuna cewa abin ya taɓa shi.

Shi ya sa idan na shiga TikTok na ga yadda ake aiki da wannan waƙa da 'yan uwanta, jikina yake sanyi. Hoton mamaci yana murmushi, sai hoton gadon asibiti, sai makara a kafaɗun mutane, wani lokaci har bakin kabari ana zuba ƙasa, waƙar tana tafiya a ƙasa, mai ɗorawa kuma ba ɗa ba, ba ƙane ba, wataƙila sau biyu suka taɓa gaisawa. Wasu ma kyamara suke kafawa a gabansu, su kunna waƙar, su jira hawaye ya zo, in bai zo da kyau ba a sake ɗauka. An tambayi matar mamacin da take cikin takaba ko tana son ganin makarar mijinta tana yawo a wayoyin mutane? An tambayi 'ya'yansa, waɗanda nan da shekara goma za su yi karo da bidiyon ba shiri? Sheeran da ya yi waƙarsa, baƙin cikinsa ne, abokinsa ne, shi ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai bari a ciki. Wanda kuke ɗorawa na wasu ne, kuma ba aro kuka yi ba, ɗauka kuka yi.

A waƙar tasa ta Janairu ya ambaci dare tara da aka yi ana kuka a gidan su Jamal. Al'ada ce ta mutanen tsibiran Karibiyan, inda dangin Jamal suka fito: a taru a gidan mamaci dare tara, a ci abinci, a tuna shi, a riƙe iyalinsa. Da na ji haka sai na ce ashe su ma suna da zaman makoki. Attajirin mawaƙin da yake cika filayen ƙwallo ya je ya zauna a falon uwar abokinsa kamar kowa. Abin da ya fara yi ke nan, waƙar sai bayan shekara ta zo. Mu kuma mun juya abin, waƙa da hoto su ne farko, zuwa gidan kuwa sai in an sami lokaci. Na san waɗanda suka ɗora Yaya a sitatus kwana bakwai a jere amma ƙafarsu ba ta taka zaurenmu ba, ba ranar uku ba, ba ranar bakwai ba, ba ranar arba'in ba.

Ko shi gwanin naku ba ku bar shi ya huta ba. Ranar 4 ga Mayu kotu a New York ta wanke shi daga wani zargin satar fasaha, kuka cika intanet da murna, washegari kundi ya fito kuka ƙara. Kaɗan ne cikinku suka lura cewa ana gobe za a yanke hukuncin aka binne kakarsa a Ailan, shari'ar ta hana shi zuwa. Kuna ta roƙon ya rera waƙar a kowane taro, kuna yaɗa guntun bidiyon duk inda muryarsa ta karye, kamar karyewar ce abin da kuka biya kuɗi ku gani. Kukan kurciya jawabi ne, amma sai an yi shiru ake jin sa.

Roƙona gare ku ba shi da yawa. Ku saurari waƙar, ku yi kukanku idan ya zo, ba mai hana ku. Idan kun rubuta labarin naku mamacin a ƙarƙashinta, Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri. Amma kafin ku ɗora hoton mamacin wani, ku tabbata uwarsa ta ji daga bakin da ya dace, ku kuma nemi izinin masu shi. Makara da likkafani da kabari ku bar su inda suke. Idan gidan yana kusa, ku je da ƙafarku, ko ba ku da abin cewa ku zauna a tabarma minti goma ku tashi. Faɗan lamba ta ɗaya kuma ku ajiye shi sai ya saki waƙar rawa, a nan ko ni zan taya ku.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Umma, na tarar da ƙanwar tawa a can. Muna zaune a tsakar gida sai ta kunna waƙar a hankali, ba ta ɗora a ko'ina ba, mu biyu kawai. Umma tana gyaran zogale, ta ɗago ta ce, "Wannan Baturen me yake faɗa haka kamar mai ciwo?" Na ce mata abokinsa ne ya rasu, saurayi, shekara talatin da ɗaya. Ta yi shiru, ta ci gaba da tsinke ganyenta. Can ta ce, "Yaron yana da uwa a raye?" Na ce yana da ita. Ta ce, "Allah sarki. Allah ya ba ta haƙuri." Sannan ta ce wa ƙanwata ta rage ƙarar, an kusa kiran la'asar.

Wassalam.

Naku,
wani yayanku daga Zariya